Takardar rashin ƙarfi: kwana 23 tsakanin likita, meri da gidan shari'a a Damagaram

Yayana ya rasu da kaka, ya bar mata da ƴaƴa huɗu a ɗakin haya ɗaya a bayan gari. Lebura ne wajen magina, abin da ya samo da rana shi ake ci da dare, don haka bai bar komai ba sai shebur da cokalin gini. Ni kuma mushe ne, wato malamin makaranta, ɗan kwantiragi a wata lakwal ta firamare, ina da nawa iyalin. Matarsa ta fita takaba ba da jimawa ba sai bazara ta kama, kuma duk ɗan Damagaram ya san yadda watan Afrilu yake da ruwa: famfo ya kwana uku bai ɗiga ba, ƴan garuwa su tsawwala, yara su bi duk amalanken da ya nufi wajen ɗiba. A irin wannan bin ne babban ɗanta, mai shekara 8, ya zame daga amalanken jaki, jarka cike ta faɗo masa a ƙwauri. Aka kai shi wajen mai ɗori kamar yadda kowa yake yi a unguwar. Bayan kwana goma sha biyu ƙafar ta kumbura ta yi sheƙi, zazzaɓi ya ƙi sauka, ɗakin ya fara wari. Da na kai shi likitar unguwa, majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya kwance ƙyallen, ya dube ni bai ce uffan ba, ya rubuta takardar tura mu babban asibiti.

Ran Litinin da safe muka isa. Ina da ɗan abin da na ajiye na sayen hatsi, sai na shiga biya ba tare da tambayar kowa komai ba: kuɗin ganin likita, kuɗin hoton ƙafa, kuɗin awon jini. Uwar yaron tana ta ce mini ai an ce maganin yara kyauta ne. Gaskiya ne, tun 2006, zamanin Tandja, aka yafe kuɗin kula da yara a likitocin gwamnati, amma iyakarsa shekara 5, namu kuwa ya wuce da uku. Gaskiya ne kuma tun farkon Satumba na 2024 an rage kuɗin ayyukan likitocin gwamnati da rabi, sai dai rabin abu mai yawa ma yawa ne ga wanda ba shi da ko ɗaya. Kafin azahar jika 16 sun fita daga aljihuna. Da yamma likitan ƙashi ya ɗaga hoton a jikin taga, ya nuna mini inda ƙashin ya haɗu a karkace da inda ya fara ruɓa, ya ce sai an yi aiki, an kankare, an sake gyara shi. Da na haɗa lissafin aikin da gado da magunguna a bayan ordonas, wato takardar magani, na ga sun haura pekil ɗina, ɗan albashinmu na ƴan kwantiragi, na wata biyu. Ina tsaye a baranda ina juya takardar, wata ma'aikaciyar jinya da ke wucewa da tire ta ce, "Malam, in abin ya fi ƙarfinku ku je sosiyal mana." Ta wuce abinta. Ni kuma kunya ta hana ni bin ta in tambaya wace sosiyal.

Washegari na hau kabu-kabu na ce a kai ni CNSS, don a duk garin nan ita ce ma'aikatar da na san sunanta yana ƙarewa da wannan kalma. Na yi zaman jira har kusan ƙarfe goma sha ɗaya. Mutumin da ya saurare ni ya yi mini adalci, bai yi dariya ba. Ya tambaye ni ko marigayin yana da lambar rajista a wajensu, na ce leburan gini ne, ya girgiza kai. Ya fahimtar da ni cewa su asusu ne na ma'aikatan da ake cire wa wani kaso daga albashi kowane wata, mai aikin ya ƙara nasa, daga nan ake biyan fansho da kuɗin iyali da diyyar haɗarin aiki. Ma'aikatan gwamnati ma nasu asusun fanshon daban ne, CARENI. Wanda ba a taɓa zuba masa ba, ba shi da abin ɗauka, shi ko magadansa. Abin da nake nema, in ji shi, sarbis sosiyal ne, kuma yana cikin asibitin da na baro. Dala 120 na kabu-kabu zuwa da dawowa, da wuni guda, suka tafi a banza. Na faɗi wannan ne don na san ba ni kaɗai ba ne: kalma ɗaya ce, amma ɗaya haƙƙin wanda ya zuba ne, ɗaya kuma agaji ne ga wanda ba shi da ƙarfi.

Biron sarbis sosiyal ɗin ɗan ƙaramin ɗaki ne da na wuce ta gabansa ya fi sau goma ban lura ba. Ran Laraba ƙarfe bakwai da rabi na tarar da mutum tara a kan benci, mafi yawansu mata, wasu daga Tanut, wasu daga Magarya, kowace da ƙullin takardu a bakin zane. Kusa da ni wani dattijo ne a kan keken guragu, irin mai feda a hannu, da jakar fata rataye a wuya. Ya dubi resi-resin da nake riƙe da su ya ce, "Mushe, ka riga ka biya ke nan?" Na ce na biya wasu. Ya ce, "To, waɗannan ka yi musu addu'a. Kuɗin da ya shiga kes ba ya dawowa. Nan ake fara zuwa, sannan a je kes." Dattijon nan ɗan ƙungiyar naƙasassu ne, ya san birorin garin nan kamar yunwar cikinsa. Shi ya fara gaya mini akwai doka tun 1993 da ke kare naƙasassu, aka sake wata a 2019, har da kaso 5 cikin 100 na guraben aiki da aka ce a ware musu. Ya yi dariya ya ce dokar tana nan lafiya lau a cikin jakarsa, kullum yana fita da ita shan iska. Ya kuma ce in yi hoton kowace takarda sau uku kafin in miƙa wa kowa, shawarar da ta fi duk wadda na samu a wannan tafiya amfani.

Sai wajen sha ɗaya da rabi na shiga. Madam ɗin da ke riƙe da biron ba ta kai shekara hamsin ba, gabanta babban littafi ne mai layi, a gefe fanka tana juya iska mai zafi. Ta fara da gaisuwa da ta'aziyya, sannan tambayoyi: wane ne yaron, wa ke riƙe da shi, uban ya rasu yaushe, me uwar take yi, ɗakin nasu ne ko haya, nawa ne hayar, akwai gona a ƙauye, akwai akuya ko tunkiya, wa ya kawo abincin da aka ci jiya. Daga nan ta ɗago kai ta ce, "Kai kuma me kake yi?" A kan benci na riga na shirya cewa zan ce buga-buga nake yi, don ina tsoron da an ji ina karɓar kuɗi ƙarshen wata za a ce mu je mu biya. Amma akwai alli a bakin aljihun rigata, kuma dattijon ya kira ni mushe a gaban kowa. Na faɗi gaskiya. Ta rubuta, ta tambayi yawan nawa iyalin, ta rubuta. Ta ce, "Mushe, da ka ɓoye da mun ji a unguwa, kuma daga nan duk abin da ka faɗa sai mun sake auna shi." Sannan ta shimfiɗa mini yadda abin yake. Biron nan ba ya da akwatin kuɗi. Aikinsu su bincika, su rubuta rahoto, su kai wa shugabannin asibiti cewa wannan marar lafiya ya cancanci a ɗauke masa kuɗi ko a rage. Abin da ke ƙarfafa rahoton shi ne takardar shaidar rashin ƙarfi, wadda suke ce wa andijans, kuma meri, wato ma'aikatar magajin gari, ta yankin da uwar take zaune ce ke ba da ita. Ta ce kafin takardar ta fito za ta yi magana da majon ɗakin don a bar yaron a gadonsa a ci gaba da wanke ciwon. Ta ba ni wata ƴar takarda mai hatimi, ta ce in nuna a meri.

Na ɗauka wahalar tana meri. Ashe tana gida. Da na koma na yi wa matar yayana bayani, ta yi shiru tana murza bakin mayafi, can ta ce, "Wato a rubuta a takardar gwamnati cewa ƴaƴan yayanka almajirai ne?" Na ce, "Yaya, ba haka ba ne." Ta ce shekara goma sha ɗaya suna tare bai taɓa bari ta miƙa hannu ga kowa ba, ko ranar da suka kwana da ruwan zafi ba wanda ya ji a maƙwabta, yanzu ko shekara bai yi a ƙasa ba za a tona musu asiri a gaban mai unguwa. Ta ce gara ta sayar da tukwanenta da gadon aurenta. Na san abin da take nufi, don ni ma abin da ya hana ni bin ma'aikaciyar jinyar nan in tambaya ke nan. Mu dai an rene mu a kan rufin asiri, shi muke roƙo bayan kowace salla. Na lissafa mata kuɗin tukwanen da na gadon, ba su kai sulusin aikin ba. Ba ni na shawo kanta ba, wata tsohuwa ce maƙwabciyarsu da muke ce wa Inna, wadda ta ce mata, "Ke ƴar nan, ƙafar yaro ko surutun mutane, zaɓi ɗaya." Sai bayan isha ta ce in je in yi abin da ya kamata.

Birnin Zinder an kasa shi yanki biyar, kowane da merinsa, kuma ba za a karɓe ka a wanda ba naka ba. Inda uwar take kwana shi ake dubawa, ba inda kai mai rakiya kake ba. Ran Alhamis na je nasu. Ma'aikacin da ke kula da harkokin jama'a ya karanta ƴar takardar Madam, ya lissafo mini abin da zan kawo: wasiƙar roƙo da hannu zuwa ga magajin gari, takardar likita mai nuna ciwon da aikin da za a yi, katin shaidar uwar, takardar haihuwar yaron, takardar mutuwar uban, da shaidar mai unguwa tare da mutum biyu da suka san gidan. Wasiƙar ni na rubuta a tsaye a jikin bango, amma wanda bai iya faransanci ba akwai masu rubutu a bakin ƙofa da teburinsu. A takardu biyu na tsaya cak. An haifi yaron a gida a ƙauye, ba wanda ya kai sunansa ko'ina. Uban ya rasu a ɗakinsa, muka yi masa sutura muka kai shi, aka yi addu'ar uku da ta bakwai da ta arba'in, ba wanda ya tuna da meri. Ma'aikacin ya ce dokar 2019 ta ba da kwana 60 a kai labarin haihuwa ko mutuwa ko aure, a rubuta kyauta. In wa'adin ya wuce, sai alƙali ya yanke hukunci da shaidu kafin a rubuta. Ni da nake gaya wa iyayen ɗalibaina kowace shekara su kawo takardar haihuwa kafin jarrabawar ajin ƙarshe, ga ni tsaye ɗan yayana ba ya da ita. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu ranar muka fara neman wuƙa.

Abin da ya cece mu a wannan ranar tsofaffin takardu ne guda biyu da uwar ta adana a cikin gwangwanin madara: karne, wato ɗan littafin rigakafin yaron, wanda ma'aikacin likitar ƙauye ya rubuta ranar haihuwarsa a kai, da katin iyali na lanho, wato haraji, mai ɗauke da sunan yayana da na matarsa da yaran. Ma'aikacin ya yarda ya buɗe dosiye da su, a fara bincike, amma ya ce ba za a kai wa magajin gari ya sa hannu ba sai na kawo hukuncin alƙali. Da yamma na je wajen mai unguwa da ɗan goro, na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, maganar marayun gidan wane ce." Ya san yayana, shi ya gyara masa katangar zaure bayan damina. Bai ja magana ba. Matsalar shaidu ce, don duka mutum biyun da suka yarda masu neman na yau ne, ɗaya mai wankin babur, ɗaya mai sayar da itace, wunin da suka yi a meri wunin da gidansu ba a ɗora tukunya ba ne. Na kai su ran Juma'a wajen sha biyu, na manta rabin wuni ake aiki, muka tarar ana rufe tagogi. Ran Litinin na sake ɗauko su tun da sassafe, na biya musu kabu-kabu, na ba kowa abin cefane. Kada ka ɗauki wannan a matsayin sayen shaida, ladan wuninsu ne da ka cinye.

Aka ce za a zo ganin gida ran Laraba. Na iso da hantsi don in tarbe su, da na leƙa ɗakin sai gabana ya faɗi. Matar yayana ta kwana tana shiri. Ta aro leda sabuwa mai furanni daga gidan amarya a maƙwabta ta shimfiɗa, ta aro katifa mai kauri ta ɗora a kan gadon, ta jera kwanonin samira na Inna a kan kabad, ta yi wa ƙananan yaran wanka ta sa musu kayan salla, har ta ci bashin lemo biyu da ƙanƙara a shago. Ɗakin da na sani da tabarmar kaba mai huji ya koma kamar na mai jego. Na ce, "Yaya, me kika yi haka? Talaucinmu za su zo gani!" Ta ce, "Baƙi ne. Baƙo ba ya shigo mini ɗaki ya zauna a ƙasa." Kafin in ce a naɗe ledar sai ga sallama. Mace ce da namiji, a kan babur ɗaya. Suka zauna, suka sha ruwa, lemon kuwa matar ta ce a ba yara. Ban ga ta dubi ledar ba sam. Ta tambayi uwar sana'arta, ta ce wankau da surfe. Ta ce a nuna mata inda ake ajiye hatsi, aka ɗauko buhu, gero bai kai tiya biyu ba a gindinsa. Ta fita tsakar gida ta duba murhu, ta taɓa tokar. Ta kira ƴar shekara biyar ɗin ta tambaye ta cikin wasa me ta ci da safe, yarinyar ta ce ɗumamen tuwon Inna. Namijin kuma ya fita ya tsaya da mai gidan hayar, na ji ana maganar wata uku da ba a biya ba. Da za su tafi, matar ta dafa kafaɗar matar yayana ta ce a hankali, "Hajiya, ki mayar wa amarya ledarta da godiya, gida nawa muka shiga muka tarar da irinta." Matar yayana ta rufe fuska da mayafi, ban san dariya take ko kuka ba, ina jin duka biyun ne.

Aikin bai jira takardar ba. Zazzaɓin ya ƙaru, likita ya ce ba za a ƙara kwana ba, Madam ta kai rahotonta da na masu binciken gida, aka amince a shiga da shi ran Alhamis a bar lissafin a rubuce har takarda ta zo. An ce mu kawo masu ba da jini, na ba da leda ɗaya, wani abokin aikina mushe ya ba da ɗaya. A nan na koyi abu na biyu da ba wanda ya gaya mini: abin da asibiti yake iya ɗauke maka shi ne abin da yake nasa, gado da aiki da awo da maganin da ke cikin farmasinsa. Duk abin da aka rubuta a ordonas aka ce babu, sai ka fita gari ka saya da kuɗinka, kuma mai farmasin gari ba ruwansa da andijans. Allurar kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta masa ta kwanaki da yawa ita ta fi cin kuɗi. Na koma wajen Madam da ordonas ɗin, ta aike ni in tambayi likita ko akwai irin maganin marar tambarin kamfani da zai yi aiki ɗaya. Akwai, kuma bai kai rabin kuɗin wancan ba. Ka tambaya, ba laifi ba ne.

Yaron yana kwance da ƙafa a naɗe na shiga zirga-zirgar gidan shari'a. Na fara da na cikin gari da niyyar in gama duka biyun a wuni ɗaya. Magatakarda ya karɓi maganar mutuwar, tunda a nan birni aka rasu, ya ce haihuwar kuwa sai kotun da ƙauyenmu yake ƙarƙashinta, don inda abu ya faru can ake shaidarsa. Na nemi izinin darekta, abokan aiki suka riƙe mini aji, na je tasha na hau mota. Tafiyar farko na ajiye buƙata, na biya kuɗin tambur, aka ba ni rana. Ta biyu na zo da baffanmu da wani tsoho da ya halarci sunan yaron, kowa da katinsa. Alƙalin ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko sun san yaron, ɗan wane ne, wace shekara aka haife shi. Baffa ya ce, "Ranka ya daɗe, shekarar da rijiyar gabas ta rufta." Alƙalin ya yi murmushi ya buɗe karnen rigakafin ya ɗauki ranar da ke ciki. Duk zaman bai wuce minti goma ba, bayan jiran awa huɗu a gindin bedi. Da hukuncin a hannu sai ka kai shi merin inda aka haihu a shigar a babban littafi, daga nan ainihin takardar haihuwa take fitowa. Wannan ya ɗauki wasu makonni, amma merin birni ta karɓi kwafin hukuncin ba ta jira ba.

Sa hannun ya ci kwana uku, kullum in je a ce dosiye yana sama. Na fara jin haushi, sai ma'aikacin ya nuna mini tarin da ke gaban nawa, ya ce kowace takarda da aka sa wa hannu nauyi ce a kan kasafin kuɗin yankin, kuɗin da aka ware wa marasa ƙarfi kuma ba ya kai ƙarshen shekara, shi ya sa ba a ba da ita sai an tabbata. Ban ce hakan ya sanyaya mini rai ba, amma na daina zaton wani ne ya zauna a kanta don ya ga dama. A rana ta 23 da shigarmu asibiti na karɓe ta, shafi ɗaya, layi bai fi takwas ba, da hatimi. Na yi hotonta sau uku kamar yadda dattijo ya ce, na kai wa Madam. Aka ɗauke kuɗin aikin da na gado da awon da aka yi bayan buɗe dosiye. Jika 16 na ranar farko sun tafi kamar yadda aka gaya mini. Da na zauna da alƙalami na haɗa abin da ya fita daga hannuna, magungunan waje sun ci jika 41, kabu-kabu da mota da abincin shaidu da tambur da hoton takardu jika 19 da ɗoriya. Ba kyauta ba ne, amma abu ne da na iya ɗauka da adashe ɗaya da bashin abokin aiki, kuma tukwanen matar yayana suna nan.

Kafin a sallame mu Madam ta tura mu ma'aikatar jiha mai kula da mata da kare yara don a rubuta yaran cikin marayu. Sunan ma'aikatar nan yakan canja duk lokacin da aka sake fasalin gwamnati, don haka ka ce wa ɗan kabu-kabu biron masu kula da yara, ya fi saurin ganewa. A can matar yayana ta yi tambayar da ke cinta, wato kuɗin wata-wata da take jin ana ba mata a ƙauyuka. Aka bayyana mata cewa shirin nan da aka fara a 2011 da tallafin Bankin Duniya, ana ba mace jika 10 kowane wata har wata 24, wanda daga baya aka ci gaba da shi da sunan Wadata Talaka, ba a neman sa a taga. Garuruwa ake zaɓa, a bi gida-gida a yi ƙidaya, sannan a fitar da sunaye. Duk wanda ya zo unguwa ya ce a ba shi hoton kati da dala ɗari zai sa sunanki, ɓarawo ne. Abin da aka ce ta sa wa ido shi ne hatsin rahusa na OPVN, ma'aikatar ajiyar abinci ta gwamnati, da ake sayarwa ta hannun meri lokacin da rumbuna suka ƙare, da kuma duk rabon da zai biyo ta wajen mai unguwa, tunda yanzu sunanta yana cikin littafi. Ba su yi mana alkawarin komai ba, kuma na fi son haka.

In da zan sake bin hanyar nan, ranar da aka ce sai aiki, kafin in ciro ko dala, zan tambayi mai gadi ina biron sarbis sosiyal. Zan tafi da duk wata tsohuwar takarda da ke gidan, ko ta yage, don karne da katin lanho sun yi mana abin da ban zata ba. Zan fara bin birori ran Litinin ko Talata da sassafe, in bar Juma'a ga masallaci. Zan faɗi gaskiyar abin da nake samu, domin mutanen nan sun fi mu sanin yadda talauci yake ɓuya a ƙarƙashin leda sabuwa. Zan kuma fara zama da mai ɗakin in lallashe ta tun kafin in taka meri, don takardar da sunanta za ta fito, ita za ta zauna a unguwar bayan an gama, ba ni ba. Ga wanda aka yi wa haihuwa ko rasuwa a kwanan nan kuwa, kwana 60 ne, kyauta, tafiya ɗaya.

Yaron ya koma lakwal bayan hutun damina, yana ɗan ɗingishi, likita ya ce a kawo shi kowane wata uku a duba ƙashin. Ranar da muka je dubawa ta farko na hango dattijon mai keke a kan layin nan dai, yana yi wa wata mata bayani da hannu. Yaron ya je ya gaishe shi, ya ɗaga wando ya nuna masa tabon. Sauran ƙannensa uku har yanzu ba su da takardar haihuwa, biyu a ƙauye aka haife su, autar a nan. Na riga na yi magana da baffa, ya ce in bari a gama girbi.